Ɗaki da Falo ta kwana a Dogon Dutsi

Wani Bature da zai bar Yamai ne ya sayar mini da motar, irin wadda ake kwana a ciki: ga gado, ga firiji, ga fanka, har da ɗan famfon wanke hannu. Yaran unguwa suka raɗa mata suna Ɗaki da Falo. Ranar ciniki ya ɗaga kujerar baya ya nuna mini batura biyu manya, ban da na tada injin da ke gaba, ya yi ta bayani da Faransancin nan na hanci. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina "wi, wi", hankalina yana kan yadda zan shiga Tawa da ita ranar Sallah mutane su buɗe baki.

Wata biyar tana ajiye a ƙofar gida, duk zafin bazara a kanta ya ƙare. Da Sallah ta matso sai na ce bari in duba lafiyar baturan, kada a ji kunya. Na je kasuwar Katako na sayo mitar awo, na jona caji dare guda, da asuba ina cire waya na ɗora jan tsinke da baƙi. Mita ta nuna 13.1. Batirin bolt 12 yana ba da 13! Na kira uwargida na ce zo ki ga abin da ake kira kayan Turai, ya ma wuce abin da aka rubuta a jikinsa. Ta ce, "To, Malam, Allah ya sa haka ne," ta koma kicin.

Da na kwance murafun na ga ruwan ciki ya yi ƙasa. Na aiki yaro ya sayo ruwan batir. Daidai lokacin tela ya kawo shaddar Sallah, na zura don gwaji, na ga ta zauna, sai na ji ba na son cirewa. A cikinta na tsuguna na ɗura ruwan nan rami bayan rami, yana ɗan fallatsa, ina sharewa da hannun riga.

Muka kama hanya ni da uwargida da yara uku da surukata, Hajiya, wadda aka ba gadon. A firiji akwai giwan ruwa guda biyu da na sayo a bakin kogi, tsarabar mutanen Adar, wato yankin Tawa. Muka wuce Dosso, magariba ta same mu a Dogon Dutsi, na ce ai ba mu da buƙatar masauki, da gidanmu muke tafe.

Kafin sha ɗayan dare fanka ta fara juyi kamar mai jin barci. Ta yi, ta yi, ta tsaya. Firiji ya yi wani ɗan tari ya yi shiru. Hajiya ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba tun da na auri 'yarta, kuma daren nan ma ba ta fara ba. Cikin duhu na ji ta ce, "Ke, tambayi maigidan naki, ɗakin ne wannan ko falon?"

Da safe aka nuna mini wani yaro mai gyaran batir kusa da tasha, bai fi shekara ashirin ba. Na soma yi masa bayanin 13.1 ɗina. Ya ce, "Alhaji, yaushe ka auna?" Na ce ina cire caji. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai batirin da aka cire daga caji yanzu kamar wanda ya sha ruwa ya cika ciki ne, ka ce ya ƙoshi alhali bai ci komai ba. Sai an bar shi ya huta awoyi, babu caji babu kaya a kansa, sannan zai faɗi gaskiya. Mai lafiya cikakke 12.6 zuwa 12.7 yake nunawa. In ya sauko 12.2 rabi ya tafi, kuma irin waɗannan na ɗaki, duk da farantan dalmarsu sun fi na batirin tada mota kauri don su jure jan wuta a hankali, ba a son a riƙa wuce rabin nan. Barinsu wata da watanni babu caji kuwa, gishiri ne ke kama farantan ya ƙi saki.

Ya raba su biyu, ya yi musu caji, ya ce sai bayan la'asar. Muka yini a gindin bedi, ƙamshin giwan ruwa yana ta sanar da kansa. Da lokaci ya yi, ɗaya ya nuna 12.4, ɗayan 10.5. Ya ce kowane batir rami shida gare shi, kowanne yana ba da bolt biyu da ɗan kai, to wannan rami guda ya mutu, kuma tunda a haɗe suke, mataccen ne ya kwana yana zuƙar mai ran.

Na ce bari in gani da idona. Ramin da duhu, na laluba aljihu na fito da ashana. Ban san yaron nan yana da sauri haka ba, sai ji na yi ya damƙe mini hannu. "Alhaji, rufa mana asiri! Iskar da ke fita nan in ta ga wuta, da ni da kai da shagon sai a tsinto mu a Konni." Ya ɗauko wani bututun gilashi mai robar matsawa a kai, ya zuƙo ruwan kowane rami, wani ɗan abu yana yawo a ciki. Ya dubi awon, ya dube ni. "Me ka zuba musu?" Na ce ruwan batir mana. Ya ce wanne? Ashe iri biyu ne suke amsa sunan nan: akwai asid, akwai tataccen ruwa zalla. Zafi ruwan kawai yake ƙafarwa, asid ɗin yana nan, don haka tataccen ake ƙarawa. Ni asid na ɗora kan asid.

Batir ɗaya muka ɗaura, muka bar wa kulolin Dogon Dutsi kifin, muka shiga Tawa tsakar dare babu wanda ya gan mu balle ya buɗe baki.

Safiyar Sallah uwargida ta fito da shadda daga jaka, ta ɗaga ta, hasken taga ya ratso ta wurare sun fi ashirin. Gaba da hannun dama duk sun zama rariya. Hajiya tana zaune kan tabarma da carbi, ta ɗago ta duba tsaf, ta ce wa 'yarta, "Bar masa ita ya sa. Tunda fankarsa ba ta aiki, ko ba komai iska za ta shiga."