Mugun da Gari Ke Yi wa Addu'a

Duk mai kallon fim ko karanta littattafan labari ya san irin wannan bos ɗin. Ya gina asibiti, yana ɗaukar nauyin marayu, gidajen talabijin na rububin hira da shi, 'yan sanda na sara masa. Mu masu kallo mun ga abin da yake aikatawa idan dare ya yi, jarumi ma ya gani, amma duk wanda jarumin ya faɗa wa sai ya dube shi kamar mai taɓin hankali. Musa a baki Fir'auna a zuci, kuma kaf garin Musan suka sani. Ina son wannan salon ƙwarai, kuma son da nake yi masa ne ya sa yadda yawancin marubuta ke ƙarƙare shi yake ba ni haushi.

Daɗin salon a fili yake. Mugun da ya fito da takobi tsirara, ƙarfi kawai jarumi yake buƙata ya gama da shi. Wannan kuwa ƙarfi ba ya yi masa komai, don ranar da jarumi ya ɗaga masa hannu, jarumin ne zai kwana a ofishin 'yan sanda, jaridu kuma su wayi gari da hotonsa a matsayin mahassadi. Abokai su janye, iyali su fara roƙonsa ya rufa musu asiri ya yi shiru. Waɗanda suka kalli Breaking Bad, wani fim mai dogon zango na talabijin a Amurka, sun tuna Gus Fring: mai gidajen cin abinci, mai magana a tausashe, mai ba hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi gudummawa, alhali shi ne ƙasurgumin dillalin da hukumar ke nema. Tunanin ma ba sabo ba ne. Kimanin shekara 2,400 da suka wuce, Aflatun, masanin falsafar nan na Girka, ya sa ɗan'uwansa Glaucon a cikin wata muhawara yana cewa cikar zalunci shi ne mutum ya yi zaluncin ana yi masa shaidar adalci, mai adalci na gaskiya kuma a ɗauke shi azzalumi a azabtar da shi.

To ga inda nake da magana. Kun san yadda ake gamawa. An shirya gagarumin taro za a karrama bos. A bayan fage jarumi ya tsokane shi, shi kuma ya saki baki ya zayyana duk ta'asarsa yana dariya, bai san makirufo a kunne yake ba. Ko kuma a tsakiyar jawabinsa babban allo ya sauya, bidiyon sirri ya bayyana. Zauren ya yi tsit. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Tafi ya koma ihu, 'yan sandan da ke sara masa ɗazu suka sa masa ankwa, cikin minti biyar an wanke jarumi tas. Na ga wannan ƙarshen har na gaji, kuma kullum abu ɗaya yake faɗa mana: wai matsalar mutanen garin rashin sani ce, da sun sani da sun yi abin da ya dace nan take.

Ni dai ban yarda ba, kuma tarihi ne ya hana ni yarda.

Ku ɗauki Bernie Madoff, wanda ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka. Manyan attajirai da ƙungiyoyin agaji har kamun ƙafa suke yi ya karɓi kuɗinsu ya juya musu. Tun shekarar 2000 wani masanin harkar kuɗi mai suna Harry Markopolos ya kai wa hukumar da ke sa ido kan kasuwar lissafi a rubuce, yana nuna cewa ribar da Madoff ke iƙirari ba za ta yiwu ba. Ya koma ya sake kai wa, har da dogon rahoto a 2005. Ba abin da ya faru. Abin da ya kayar da Madoff a Disambar 2008 shi ne tattalin arzikin duniya ya rikice, masu kuɗi suka zo karɓar kuɗinsu lokaci ɗaya, babu. Shi da bakinsa ya faɗa wa 'ya'yansa, su suka kai ƙara, aka yanke masa shekara 150 a 2009. Shekara takwas hujja tana kan tebur.

Na Jimmy Savile a Birtaniya ya fi muni. Fitaccen mai gabatar da shirye-shirye ne, ya tara wa asibitoci da gidajen agaji kusan fam miliyan 40, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1990. Wannan aikin alherin ne ya buɗe masa ƙofofin asibitoci, har da ɗakin kwana nasa na kansa, a can kuma ya riƙa lalata da yara da marasa lafiya shekara da shekaru. Waɗanda ya cuta sun yi magana. Wasu an ƙaryata su, wasu an ce su rufe baki. 'Yan sanda sun yi masa tambayoyi a 2009 suka bar shi ya tafi. Ya mutu a Oktobar 2011 aka yi masa jana'izar girmamawa, sai bayan shekara guda wani shirin talabijin ya fasa ƙwan, kuma rahoton da aka fitar a Janairun 2013 ya ce mutum 450 ne suka kawo ƙorafi a kansa. Mutumin nan bai taɓa tsayawa gaban alƙali a kan wannan ba. Rana dubu ta ɓarawo, ranar mai kaya kuwa ta zo ɓarawon na cikin kabari.

Me ya hana mutane ji? A nan ne nake ganin marubuta suna barin nama suna cin ƙashi. Sukan nuna alherin bos kamar na bogi ne, hoto kawai ake ɗauka a tashi. Alhali abin da ya sa lamarin ke da wuya shi ne alherin na gaske ne. Pablo Escobar ya gina ɗaruruwan gidaje a Medellin ta ƙasar Kolombiya, ya kwashe mutanen da ke kwana a kan juji ya zuba su ciki, ya yi filayen ƙwallo a unguwannin talakawa, har ya shiga majalisar ƙasar a 1982. Ministan shari'a Rodrigo Lara Bonilla da ya fito ya tona shi, a 1984 aka harbe shi. Kowa ya san sana'ar Escobar, babu wani sirri da ya rage, amma da aka kashe shi a Disambar 1993 dubban mutane suka yi cincirindo wajen binne shi suna kuka. Matar da ta tashi daga juji ta koma gida mai rufi, wane bidiyo za ka nuna mata? Ta san abin da za ka faɗa tun kafin ka buɗe baki. Ta auna ne ta zaɓa.

Sannan akwai wanda ya riga ya jingina sunansa da na mutumin. Ya yabe shi a bainar jama'a, ya kai 'yan'uwansa wurinsa, ya yi faɗa da aboki a kansa. Idan ya yarda mugu ne, to ya yarda shi ma an yi wasa da hankalinsa shekara ashirin, kuma wataƙila da hannunsa ya miƙa wani ga halaka. Mutane ƙalilan ne ke iya haɗiye wannan, sauran gara su ce ƙazafi ne. Ga kuma lauyoyi. Lance Armstrong, mai tseren keken da ya warke daga ciwon daji ya kafa gidauniyar taimakon masu cutar, sai da ya maka jaridar Sunday Times a kotu kan zargin shan ƙwayar ƙara kuzari, jaridar ta biya shi kuɗi. A 2012 aka ƙwace kambunsa bakwai na gasar Faransa, a 2013 ya amsa laifin da bakinsa.

Wanda na ga ya fahimci wannan sosai shi ne Molière, marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, a wasansa Tartuffe na 1664. Wani mayaudari ne ya shiga gidan attajiri Orgon da rigar tsoron Allah. 'Yar aikin gidan ta gano shi tun farko, maigidan bai saurare ta ba. Ɗan gidan ya kama shi yana neman matar uban, ya faɗa, sai uban ya kori ɗan ya mallaka wa mayaudarin dukiyarsa. Sai da matar ta sa mijin ya ɓuya a ƙarƙashin tebur ya ji da kunnensa sannan ya farka. A hannun marubucin yau, a nan za a rufe labule. Molière kuwa sai ya shigo da mahaifiyar Orgon. Ɗanta na rantse mata cewa da idonsa ya gani, tana ce masa ai mutanen kirki ba sa rabuwa da mahassada, ido ma yana yaudara. Abin da Orgon ya yi wa iyalinsa, shi uwarsa ta yi masa. Ba ta saduda ba sai da ma'aikacin kotu ya zo fitar da su daga gidan, wato sai da abin ya taɓa ta. Wannan tsohuwar ta fi duk wani makirufo a kunne gaskiya. Shi ma dai Molière ya ɗan yi maguɗi a ƙarshe, don jami'in sarki ya faɗo kamar daga sama ya kama mayaudarin. Amma ina yi masa uzuri: masu faɗa a ji a coci sun sa an hana nuna wasan a fili har 1669, mutum a wannan hali dole ya lallaɓa sarki.

Na san za a ce mini ai labari hutu ne, mutum ya sha wahalar duniya ya zo ya ga mugu ya faɗi ko a allo ne. Na yarda, ni ma ina jin sanyi idan aka sa masa ankwa. Wani kuma zai ce irin wannan magana tana koya wa mutane mummunan zato ga duk mai alheri. Wannan ya fi nauyi, kuma ba na raina shi. Mafi yawan masu gina asibiti asibitin kawai suka gina, kuma an sha ɓata mutanen kirki da ƙage, don zargi ba hujja ba ne. Sai dai labarin da ya nuna wahalar tantancewa shi ne zai koya wa mutum bincike. Na makirufo ba ya koyar da komai sai jiran ranar da mugu zai tona kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne kujerar da ake zaunar da mu. Tun minti na goma an nuna mana bos yana kisa, saboda haka har fim ya ƙare muna kallon mutanen garin muna tsaki, muna cewa wane irin wawaye ne waɗannan. Kowannenmu ya tashi yana jin da shi ne a garin, da yana bayan jarumi. Ina so in ga marubucin da zai hana mu wannan gatan. Ya bar mu mu san bos kamar yadda gari ya san shi, mu ga yaran da ya biya wa kuɗin makaranta, mu so shi. Mai zarginsa kuma ya zo mana kamar yadda masu zargi kan zo a zahiri: a fusace, maganarsa na cin karo da juna, yana da tsohuwar rigima da mutumin, wataƙila ma shi kansa ba tsarkakakke ba ne. Idan hujja ta fito, kada a rufe labule. A ba mu rabin awa na bayan nan, mu ga kwamitin asibiti na gardama ko za a cire sunansa daga jikin gini, mu ga rabin gari na cewa bidiyon haɗi ne, mu ga ko akwai mutum ɗaya da zai taka ya je gidan mai zargin ya ba shi haƙuri.