A tsara lissafi tun kafin a kwantar da mutum cikin na'ura

Duk sanda na ji an ce masana sun gano sassan ƙwaƙwalwar masu wata cuta ba sa aiki tare kamar na masu lafiya, abu ɗaya nake son sani: yaushe suka zaɓi hanyar lissafinsu, kafin su ga sakamako ko bayan sun gani?

Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, a irin wannan bincike tana bin hawa da saukar iskar oksijin a jinin ƙwaƙwalwa. Sai a yanka hoton kashi-kashi, a duba sassan da ke tashi da sauka tare, sannan a gwama rukunin marasa lafiya da na masu lafiya. In an raba ƙwaƙwalwar kashi 200, haɗin bibbiyu ya kai 19,900. In kuma an yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100 a kowane gwaji, kusan haɗi 1,000 za su nuna bambanci ko da babu shi. Mai neman abin bugawa a mujallar bincike ba zai rasa na tsinta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne motsi. Ka duba yaro kwance cikin ramin na'urar, ƙara ta cika masa kunne, ya haɗiye miyau, ya ɗan gyara wuya. A 2012 masanin ƙwaƙwalwa Jonathan Power da abokan aikinsa sun nuna cewa irin wannan ɗan motsin yana ƙara wa haɗin sassa makusanta ƙarfi, ya rage na masu nisa. Yara da tsofaffi da majinyata kuwa su suka fi motsi. Wanda bai tanadi wannan a tsarinsa ba, rashin natsuwa ya auna, ya laƙaba masa sunan cuta.

A wani bincike da aka buga a 2020, an ba tawagogin masana 70 bayanan MRI guda ɗaya, ba a sami biyu da suka bi hanya ɗaya ba, amsoshinsu ma suka saɓa. Shi ya sa nake goyon bayan a rubuta tsarin a ajiye a bainar jama'a tun ba a ɗauki hoto ba: mutum nawa, sassa nawa, wa za a cire saboda motsi, yaya za a gyara kuskuren da yawan gwaje-gwaje ke jawowa.

Za a ce ɗaukar hoton mutane da yawa yana da tsada. Gaskiya ne, kuma binciken masanin ƙwaƙwalwa Scott Marek na 2022 ya nuna danganta ƙwaƙwalwa da halayya yana buƙatar dubban mutane, alhali an saba da kimanin 25. To cibiyoyi su haɗa bayanansu, kamar yadda UK Biobank, wani rumbun bayanan lafiya na Birtaniya, ya buɗe nasa ga masu bincike, amma a sa bambancin na'urori cikin lissafin, don ta wannan asibiti ba ta auna daidai da ta wancan.