Ranar da Aka Ba Ni Sadaka a Ƙofar Ruwa

Masu kirana tun Juma'a kuna tambaya wai da gaske ne an sallame ni daga aiki, ku kwantar da hankalinku, kujerata tana nan, ni ma ina kanta. Bari in faɗa muku gaba ɗaya, bakina ya gaji da maimaitawa.

Kun san shuɗin gwangwanin biskit ɗin nan da nake tara tsofaffin furosesa a ciki, ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan ga wanda bai san harkar ba. Wani tattabaru yake kiwo, wani agogo yake tarawa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Akwai 8088, irin wadda IBM ta sa a kwamfutarta ta 1981. Akwai 286, da 386, da 486 masu jikin tangaran, da Z80 wadda aka fara ƙerawa a 1976 ba a daina ba sai 2024. Ƙananan a shagunan gyara na Beirut Road na tsince su, kuɗin shayi kawai. Manyan kuwa sai eBay, kasuwar intanet, da dala, kuma bayan da aka saki naira a 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin aikowa kaɗai yakan fi kuɗin kayan. Ko sau ɗaya ban taɓa faɗa wa uwargida farashin gaskiya ba. Abin da ta sani shi ne "kayan aiki ne".

To ranar Alhamis ta yi kwalima. Yaron jari-bola ya zo wucewa, ta haɗa masa mataccen dutsen guga, da tsohuwar fanka, da gwangwanina. Ya ba ta robar wanki biyu. Sai bayan an sauko daga masallaci ran Juma'a na lura.

"Maigida, ai na buɗe na duba," in ji ta. "Ƙarafa ne da soso. Ko biskit ɗaya babu."

Ko hula ban cire ba. Mai gadin layinmu ya san yaron, yaron ya ce ya kai wa ogansa, ogan yana Ƙofar Ruwa. Haka na faɗa adaidaita da farar shaddata mai aiki, wadda na ɗinka da sallah.

Ogan mutumin kirki ne, wannan dole in faɗa. Ya ce an juye gwangwanin cikin tarin allunan lantarki, in hau in tsince abina, a ɗora a sikeli in biya kuɗin kilo. Da a nan aka tsaya, da abin da zan kashe bai wuce kuɗin mota ba. Na naɗe hannun riga, na tattare ta na ɗora a kafaɗa, na hau tarin. Cikin rediyo, allon talabijin, matattun caja, ga rana ta ƙwalle. Ina tonowa ɗaya-ɗaya ina jerawa a kan hankici.

Sai ga wani mutum.

Yana zaune a benci yana shan rake, da biro a maƙale a kunne, kowa a wurin Injiniya yake ce masa. Na bincika daga baya: ba ya saye, ba ya sayarwa, ba ya gyaran komai. Zama kawai yake yi daga safe zuwa magariba yana jiran cinikin wani ya tsoma baki. Irinsa kowace kasuwa akwai. Shi ne wanda za ka taya akuya mai ita ya kusa sallamawa, ya ce "kai, jiya a Wudil an sayar da wadda ba ta kai ta ba ninki biyu", alhali rabonsa da Wudil tun ana kashe kwabo. Ya taso a hankali, ya tofar da ɓawon rake dab da takalmina, ya miƙa hannu ba sallama ya ɗauki Pentium Pro ɗina.

Wanda bai taɓa riƙe Pentium Pro ba ba zai gane ba. Ta 1995 ce, ta kusa cika tafin hannu, da nauyinta, jikin tangaran, samanta faffaɗan murfi mai ruwan gwal, ƙasanta ƙafafu 387 sirara a jere. Lokacin da ta iso wasu ƙafafun sun lanƙwashe a hanya, da bakin fensir mai matsawa na bi su ɗaya bayan ɗaya cikin dare ina miƙarwa, ina riƙe numfashi. Wannan bawan Allah ya kama ta da hannun rake, ta ɓangaren ƙafafun, ya ɗaga ta sama yana kanne ido.

"Alhaji," ya ce wa ogan, "kada ka yarda. Gwal ne zalla. Turawa narkar da shi suke yi."

Abin haushin, ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Akwai gwal, amma shafe ne, a jikin wannan babbar ma bai kai rabin giram ba, kuma kafin ka raba shi da ƙarfen sai ka yi wasa da asid mai ƙona huhu. Masu narkarwar nan su ne ma suka sa abin ya yi tsada, don kullum raguwa yake yi a duniya. Na fara wannan bayani ke nan sai ya zaro ƙusa daga aljihu. Wane irin mutum ne yake yawo da ƙusa a aljihu? Ya kankare murfin, ƙiiii, tun daga wannan kusurwa har waccan, wai yana gwadawa.

Ihun da na yi shi ya tara jama'a.

Sikeli ya tashi daga magana. Yanzu ɗai-ɗai za a yi ciniki, kuma Injiniya ne mai yanke farashi. Da muka zo kan Pentium 60 na ce wannan kam ko nawa ne zan biya, wanda shi ne kalamin da ba a yi a kasuwa. Wani yaro mai tura baro ya ce, "Yallaɓai, ita wannan me take yi?"

Da na yi shiru. Amma kun san ni da wannan labari. Na tsaya a kan tarin shara, riga a kafaɗa, na fara lacca. Na ce a 1993 Intel ta fito da ita. A 1994 wani malamin lissafi a jihar Bajiniya ta Amurka, Thomas Nicely, ya gano tana kuskure wajen raba wasu lambobi. In ka ba ta 4195835 ta raba da 3145727, maimakon 1.33382 sai ta ce 1.33374. Duniya ta ɗauka, kamfanin ya ce duk mai ita ya kawo a canza masa, abin ya ci musu dala miliyan 475. Waɗanda ba a mayar ba su ne irin tawa, shi ya sa ake nemansu.

Aka yi tsit. Sai ogan ya ce, a hankali, don shi da gaske yake son ya fahimta:

"Wato ba ta iya lissafi ba."

Na ce ta iya, wuri ɗaya ne kawai take kuskure.

"Kuma ka san da haka ka saya."

Na ce ai saboda hakan ma na saya.

"Da dala."

Mai baro ya fara, sauran suka ɗauka. Wani ya ce daƙiƙiyar ajin na je na zaɓo. Wani ya zaro ƙaramin kalkuletansa ya ce in karanto lambobin a gwada, na kuma karanto, don a lokacin hankalina ya riga ya tafi. Kalkuletan ɗari biyar ya ba da amsa daidai. Aka yi tafi.

Cikin wannan tafin ne na ji an kira sunana, cikakke, har da na mahaifina.

Aminin surukina ne. Wanda ya karɓi sadakin uwargida da hannunsa. Ya zo neman rodi ne don ginin da yake yi. Yana tsaye da carbi, yana kallona daga hula zuwa takalmi: shadda ta koma ruwan ƙasa, baƙin mai a goshi, waya ta naɗe min ƙafa, hannuna ɗauke da hankici cike da tarkace. Ba yadda za a yi ka gai da irin wannan dattijo a tsaye, kuma ba wurin sauka da sauri. Sai na durƙusa a inda nake, a saman tarin. Wani abu ya fashe a ƙarƙashin gwiwata.

"Baba, barka da Juma'a. An sauko lafiya?"

Bai amsa ba. Ya ce, "Ɗana, tun yaushe?"

Na ce tun bayan masallaci. Ni ina nufin zuwana. Shi kuwa ya girgiza kai ya ce, "Inna lillahi. Kuma ba ka gaya wa kowa ba."

Na ce Baba ba haka ba ne, kayana ne aka sayar bisa kuskure. Ya ce, "Har an kai ga sayar da kaya." Na ce a'a, tarawa nake yi, sha'awa ce. Ya ce, "Ai sana'a ba ta da kunya, ɗana. Ya fi roƙo." Duk ƙofar da na buɗe sai ya rufe ta da tausayi. Na waiga ko ogan zai sa baki, ya sunkuyar da kai yana danna waya. Injiniya kuwa, wanda bakinsa bai huta ba tun zuwana, a nan ne ya ga damar yin shiru.

Sannan Baba ya matso, ya kama hannuna ya ja ni gefe, gefen da kowa yake gani, ya juya baya, ya cusa hannu cikin aljihun 'yar-ciki. Na ce Baba don Allah. Ya ce kul. Ya danƙa min a tafin hannu ya rufe da nasa hannayen biyu, ya daɗe yana addu'a, Allah Ya buɗa, Allah Ya rufa asiri, Allah Ya sa ƙarshen wahalar ke nan. Mutanen da suka gama yi min dariya yanzun nan suka ɗaga hannu suna amin. Ni ma na ce amin. Me zan ce?

Dubu biyu ne, sababbi. Da su na cika kuɗin Pentium 60, don Injiniya ya tsaya kai da fata ba za a rage ko sisi ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Asabar da safe ƙanin uwargida ya sauke rabin buhun shinkafa da galan ɗin mai a ƙofar gida, ya ƙi haɗa ido da ni. Na ce a mayar. Uwargida ta ce ba a mayar da hannun kyauta baya, kuma ai robobinta ne suka jawo. Ita 286 ba a gan ta ba har yau, ina zargin ita ce ta fashe a ƙarƙashin gwiwata.

Saura magana ɗaya. A cikinku akwai wanda ya ba Injiniya lambata. Jiya da sha ɗayan dare ya turo min hoton cikin rimot ɗin talabijin, wai nawa zan saya, akwai gwal.