Yawan ninkin zum ba shi ne jawo dabba kusa ba

Da yawa suna ɗauka gilashin kyamara mai zum ninki 11 ya fi mai ninki 4 jawo namun daji kusa. Ba haka ba ne. Lambar lissafi ce kawai: a raba babban adadin milimita (mm) da ke rubuce a jikin gilashin da ƙaramin. Gilashin 18-200mm ninki 11 ne, amma a 200mm ya tsaya, tsuntsun da ke kan reshe sai ya fito ɗan firit a tsakiyar hoto. Shi kuwa 150-600mm, mai ninki 4 kacal, zai nunka tsayin tsuntsun sau uku, har gashinsa ka gani. Adadin ƙarshen za ka duba. Sai dai fa gilashin 150-600mm yana da nauyi, kusan kilo biyu, kuma da sanyin safiya haske kan yi masa kaɗan.