Na sayi ido don in gani daga nesa, an bar ni da makanta

Wata huɗu ke nan da na sa aka kafa mini kyamarori takwas a shagona na atamfa da ke Kantin Kwari da siton da ke bayansa, kuma har yau ban samu abin da na biya kuɗi dominsa ba. Tun ranar ciniki na gaya wa mai aikin cewa ba kallon talabijin a cikin shago nake so ba, domin idan ina zaune idona ya ishe ni. Buƙatata ita ce in buɗe wayata ina Legas ko ina Makka in ga wanda ya shiga sito da abin da ya fito da shi. Ya ce mini, "Alhaji, ai wannan ƙaramin aiki ne."

Ranar da ya gama, hoto ya fito tangaran a wayata, na cika masa kuɗinsa har da na mai. Ban san cewa wayar tawa da akwatin naɗar bidiyon suna kan rauta ɗaya ba ne a lokacin (rauta ita ce na'urar da ke rarraba intanet a shago), wato gwajin nasa bai taɓa fita daga ƙofar shago ba. Washegari ina isa Zariya na buɗe manhajar, sai baƙin allo da saƙon cewa na'urar ba ta kan layi. Mako uku ina kiransa, amsarsa ɗaya ce: sabis ne. To, wane irin sabis ne yake buɗe mini bidiyon WhatsApp lafiya lau, amma ya ƙi nuna mini shagona?

Sai da wani ɗan ƙanina da ya karanci kwamfuta ya duba sannan na gane inda gizo yake saƙar. Mutumin ya buɗe ƙofofi a rautar ne, irin su 80 da 554, domin in riƙa ƙwanƙwasawa kai tsaye daga waje, alhali wannan hanyar ba ta aiki sai rautar tana da adireshin intanet nata na kanta. Tawa kuwa mai layin waya ce, kuma kamfanonin waya suna tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, saboda adireshin intanet na tsohon tsari, kimanin biliyan 4.3, sun yi ƙaranci, an raba rukuninsu na ƙarshe tun Fabrairun 2011. Yaron ya kwatanta mini shi da aika wasiƙa gidan haya mai ɗaki ɗari ba tare da lambar ɗaki ba. Wanda yake cin abinci da wannan sana'a a Kano, inda yawancin shaguna da layin waya suke shiga intanet, ta yaya zai ce bai san wannan ba?

Da na matsa masa ya dawo ya kunna ɗaya hanyar, wadda akwatin da kansa yake neman sabar kamfanin da ya ƙera shi, wato babbar kwamfutarsu da ke kan intanet, mai waya kuma ya ɗauki hoton lambar QR ya haɗu da shi. Hoto ya fito, amma a nan ne ya yi mini abin da ya fi ƙona mini rai. Da wayarsa ya ɗauki lambar, ya ɗaura akwatina a asusunsa, sannan ya raba mini kallo kamar wanda aka sam wa. Akwatin ba ya karɓar mai shi biyu, saboda haka a wurin na'urar shi ne mai shago, ni baƙo ne. Yana iya kallon aljihun teburin da nake ajiye ciniki duk lokacin da ya ga dama, ya san sa'ar da nake rufewa da sa'ar da yara suke zama su kaɗai, ni kuma ba ni da ikon sauya komai. Kalmar sirrin da ya sa ma lambobi ne a jere da sunan shagona, bayan duniya ta ga yadda cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da akwatunan naɗi a 2016 ta hanyar kalmomin sirri marasa ƙarfi. Na ce ya cire akwatin daga asusunsa, ya ce gobe, kuma goben nan ta kai wata biyu.

Sauran aikin ma haka yake. Ya jona akwatin a inbata, ya bar rautar a soket ɗin wutar gari, saboda haka da an ɗauke wuta sai kallo ya yanke, wato daidai lokacin da na fi buƙatarsa. Bai nuna mini ƙaramin hoton da aka tanada don kallon waya ba, na yi ta jawo babban hoton kyamara takwas, datar wata tana ƙarewa cikin kwanaki, ga shi kuma an amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Makon jiya aka nemi turmi goma sha biyu a sito aka rasa. Na zauna gaban akwatin don in koma baya, sai na tarar agogonsa yana nuna wata shekara da ta wuce tuntuni, domin ƙaramin batirin cikinsa ya mutu, kuma ba a saita shi ya riƙa gyara lokaci daga intanet ba. Kafin mu gano ranar da muke nema, faifan ya cika ya shafe tsohon naɗi ya hau kansa da sabo. Yanzu ina zargin yara huɗu, wataƙila uku daga cikinsu ba su ci ba ba su sha ba, ga kyamarori takwas suna ƙyalli a bango.

Ranar Asabar zan je shagonsa da dattawan layinmu biyu da ɗan ƙanin nan nawa, kuma ba zan tashi ba sai ya cire akwatina daga asusunsa a gabansu, na sa kalmar sirrina da hannuna, sannan na fita bakin titi na kashe Wi-Fi na ga sitona da datar wayata.