Ku masu shirin tafiya aikin sa kai ƙauyukan Guatemala, ku tsaya mu yi magana

Assalamu alaikum ƙannena. Na ga kwanan nan matasanmu sun buɗe ido suna neman aikin sa kai a ƙasashen waje, wasu ta UNV ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu ta ƙungiyoyi masu zaman kansu, har akwai masu ƙona data wajen cike fom ɗin Peace Corps, hukumar aikin sa kai ta gwamnatin Amurka, alhali tun da aka kafa ta a 1961 sai ɗan Amurka take ɗauka. Madalla da wannan himma. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa ke tafiya da tunanin za su je su ceto talakawa ne, su ɗau hoto su dawo da satifiket. Wanda aka tura ƙauyen tsaunukan Guatemala da wannan tunanin wallahi zai sha wuya, kuma ba abin da zai tsinana wa kowa.

Ka fara da harshe. Ɗan Sifaniyancin da ka koya a waya ba zai kai ka kasuwa ya dawo da kai ba, gara ka zauna a garin Ketsaltenango, wanda 'yan ƙasar ke kira Shela, akwai makarantun koyon harshe birjik, malami ɗaya ɗalibi ɗaya. To ko ka iya, kana isa ƙauye za ka tarar tsofaffi da mata da yawa Kiche suke yi ko Mam ko Kakchikel, don ƙasar tana da harsuna 22 na Maya, wato 'yan asalin ƙasar, Sifaniyancin ma su na makaranta ne a wajensu. Koyi gaisuwa da yarensu ko da suna maka dariya. Kuma dan Allah kar ka wuce mutum a hanya ba ka ce buenos días ba, dattijo ka ce masa Don, dattijuwa Doña. Mu da aka raine mu da ina kwana ina gajiya ya iyali, abin kunya ne a ce mun je wani gari an kira mu masu girman kai.

Sai abinci, nan ne ake yawan samun matsala. Masara ce safe rana dare. Tun duhun asuba za ka ji injin niƙa ya tashi, matar gida ta dawo da ƙullu a roba, tana tafa shi tsakanin tafukanta tas tas tas tana jefawa kan faranti mai zafi, hayaƙin itace ya cika kicin ɗin har idonka na ruwa, wannan ita ce tortiya, da ita da baƙin wake za ka rayu. Suna dafa masarar da wani farin gari da suke kira kal, kamar dai yadda iyayenmu ke jefa kanwa a wake. Duk wannan halal ne, amma ka kula, sau da yawa da kitsen alade ake soya waken, haka ake sa shi a tamal, wato ƙullun masara da ake naɗewa a ganye a turara kamar alala. Kar ka jira sai an ajiye maka kwano sannan ka yatsine fuska ka ture, a wajensu cin fuska ne babba, wataƙila kazar da ta yanka maka ita ce ta ƙwai a gidan. Ranar farko ka zaunar da ita cikin ladabi ka ce addininka ya hana ka alade da giya, ka sayo man girki na kanti ka ba ta. Za su fahimta, cikinsu ma akwai 'yan cocin da ba sa shan giya ko kaɗan. Kai dai kar ka ɓoye addininka don a so ka, kar kuma ka mai da shi abin yi wa masu gida gori.

Sanyi kuwa ka tafi da shiri, Shela ta haura mita 2,300 a sama, alwalar asuba a watan Janairu sai ka ji kamar yatsunka za su zube. Ruwan famfo kar ka sha sai an tafasa.

Yanzu ga wadda na fi so ku riƙe. Mutanen nan sun ga yaƙin basasa daga 1960 zuwa 1996, hukumar bincike ta ce kusan mutum 200,000 aka kashe ko aka ɓatar, mafi yawansu 'yan Maya na ƙauye. Saboda haka in ka ga suna ɗari-ɗari da baƙo mai littafi da biro yana tambayar sunaye da yawan 'ya'ya, ba ƙauyanci ba ne, sun san abin da rubuta suna ya taɓa jawowa. Kusan kowane ƙauye yana da kwamitin ci gaba da ake kira COCODE, ta hannunsu za ka bi, ko bayi za ka gina sai sun zauna sun yi ta magana awa da awanni, kai kana cika kana batsewa kana ganin ana ɓata maka lokaci, alhali wannan zaman shi ne aikin. Kamara kuma ka yi hattara da ita, musamman kan yara. A shekarar 2000 a garin Todos Santos jama'a suka kashe wani ɗan yawon buɗe ido ɗan Japan da direban motarsu saboda jita-jitar satar yara. Ɗan mutane ba kayan ado ba ne na shafinka na Facebook, ka nemi izini, in an ce a'a ka mai da waya aljihu.

Kaɗaici zai zo, ba makawa. Najeriya ta riga su da awa 7, lokacin da ka tashi daga aiki 'yan gida sun yi barci, Juma'a sai ka shiga tsohuwar bas ka yi doguwar tafiya zuwa babban birni kafin ka ga masallaci, yara kuma za su yi ta binka suna taɓa fatarka don wasu ba su taɓa ganin baƙin mutum kusa ba. A nan shaiɗan ke samun mutum, ko ya kulle kansa a ɗaki da waya, ko ya fara bin 'yan matan gari, kuma ƙauye ba a ɓoye komai, kafin gari ya waye labari ya kai wa Don da Doña. Fito ka taya su ɓarar masara, ka buga ƙwallo da samari ranar Lahadi, in an yi rasuwa ka je ta'aziyya ka zauna ka sha kofin da aka miƙo maka.

Wanda ya san ba zai iya wata uku yana saurare kafin ya fara kawo shawara ba, ya bar wa wani gurbin tun kafin a buga masa biza.