Ranar da na sa wa bindigar Kaka tabarau

A gidanmu ba a taɓa bindigar Kaka da hannun wasa. Mai baki ɗaya ce, ƙirar Faransa, lamba 12, gindinta ya yi baƙi sul saboda gumin hannu. Tsofaffin gida sun ce lokacin da Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi a 1945, mutane suka hau tudu, Kaka ya fito da ita a ka, ya bar akuyarsa tana kuka. Har ta rasu, kakarmu ba ta yafe masa akuyar nan ba.

Ni kuwa Facebook ne ya ja mini. Na ga wani Bature ya kwanta a ciyawa, ya leƙa madubin hangen nesa da ke kan bindigarsa, ya kayar da barewa daga inda ko kiran sallah ba za ta ji ba. Kwana biyu sai ga wani yaro mai sayo kaya daga Katsina ya kawo mini irinsa, jika 15. An rubuta 4x20 a jiki, wai yana jawo abu kusa sau huɗu. Abin da bai faɗa ba, na bindigar iska ne, irin wadda yara ke harbin kurciya da ita.

Na kai wa Kawu, tunda takardar bindigar sunansa ke kai. Ya jujjuya madubin kamar mai tayin kankana.

"Kai yaro, mi ne wanga?"

"Saiti ne, Kawu. Zamani."

"Wagga bindiga watsi take, kamar ka ɗebi gero ka watsa wa kaji. Bayan taki arba'in ba ta da ta cewa. Mai watsa wa kaji gero tabarau yake sawa?"

Na ce a dai gwada. Ya yarda, amma ya rantse duk maƙerin da ya huda ƙarfen ubansa, sai dai su haɗu gaban alƙali. Don haka muka ɗaure madubin da robar tayar kabu-kabu da 'yar waya. Daga nesa ya yi kyau, wallahi.

Bayan an cire amfanin gona muka fita ta hanyar Madarunfa. Kawu ya rataye butarsa a reshen gawo, ya zauna can baya. Na ɗora gwangwanin tumatir kan kututture, na ƙirga taki talatin, na durƙusa yadda Baturen ya yi. Da na leƙa, sai ga gwangwani ya zo har gabana, ina karanta rubutun jikinsa. Daɗi ya kama ni, na ƙara manna ido kamar mai leƙen ɗakin amarya. Ashe ana barin tazarar kamar yatsu huɗu tsakanin ido da madubi, domin bindiga idan ta tashi baya take tokara. Wannan ba a nuna shi a bidiyon ba.

Na ja kunama.

Taurari na gani da rana tsaka. Da na dawo hayyacina ina zaune a ƙasa, jini na bin gira, madubi ya karkace yana kallon Tibiri. Gwangwani na nan daram, ko ƙura bai sha ba. Butar Kawu kuwa, wadda ke can gefe, ta zama rariya, ruwa na tsiyaya ta huda bakwai.

Kawu bai ce sannu ba. Cewa ya yi, "Ka ga? Ba ta kuskure. Kai ne dai ba ka san abin da ka nufa ba."

Ɗinki uku aka yi mini. A gida na ce wa uwar yara jaki ne ya harbe ni. Ta kawo fitila ta duba zoben da ya kewaye idona, ta ce, "Malam, jakin nan da kofin shayi yake harbi?"

Yanzu a majalisarmu sunana Mai Tabarau. Bindiga ta koma bango yadda Kaka ya bar ta. Madubin yana aljihun Kawu, da shi yake hango awakinsa daga kan tabarma, kuma duk Juma'a sai ya tuna mini kuɗin buta.